Shukar da Ta Ƙi Ɗaga Hannu

Shekara shida ke nan Mai Ɗinki ba ta duba agogo ba. Agogonta wata shuka ce a tukunya, kan benci gefen taga, wadda marigayi mijinta ya kawo mata kafin ciwonsa na ƙarshe. Ganyenta faffaɗa ne, kore mai dabbare-dabbare, da jajayen jijiyoyi kamar an bi su da zare. Da rana ganyen a shimfiɗe yake. Rana na faɗuwa sai ya miƙe tsaye, ya haɗu kamar tafukan mai roƙo, har da 'yar ƙara, sur-sur. Da ta ji ƙarar nan sai ta rufe keken ɗinki, aikin ranar ya ƙare. Mai Addu'a suke kiranta, ita da marigayi.

Ga shukar da tsirfar tsiya. Ba ta son rana kai tsaye, ba ta son iskar fanka, ruwan famfo kuwa sai ya kwana a bokiti, in ba haka ba bakin ganyen ya ƙone. Mai Ɗinki kan tsoma yatsa a ƙasar kafin ta zuba ko ɗigo, ta ɗora tukunyar kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ta goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laima. Autarta kan ce ko ita da aka haifa ba ta ga wannan gatan ba.

Autar nan ce kuma ta sa ta a gaba. Tun ranar da ta tarar da ita tana kokawa da allura da zare, ta ce in idon ya ƙara lalacewa, to ba shawara, tattara ta za ta yi zuwa gidanta a saki ɗakin. Mai Ɗinki ta ce idonta ras, allurar ce ta banza. A ɗakin nan ta yi shekara talatin, a nan marigayi ya cika, gara a ce mata komai da a ce ta fita.

Sai shukar ta fara makara.

Duhu zai shigo ɗakin, ta rufe keke, ta zauna tana jiran ƙarar, shiru. Sai can, bayan ta gaji da jira, ta ji ganyen na tashi. Jan jijiyoyin ma ya dushe, dabbaren ya koma toka-toka. Ta canza ƙasa, ta matsar da benci, ta daina ba ta taki. Har ta tsinki ganye guda ta kai wa mai sayar da furanni a bakin titi. Ya juya shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, ga jan nan raɗau. Ta ƙwace abinta, ta ce dama yaran yanzu ba abin da suka sani sai surutu.

A makon ne ta fara ganin mutumin. Ba ta ce wa kowa mutum ne ba, amma tsayinsa na mutum ne. Wani duhu ne a tsaye gefen taga, daf da tukunyar, ba ya motsi, ba ya numfashi. In ta sunkuya kan ɗinki yana nan a gefen idonta. In ta ɗago, yana nan. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, har takan manta ƙafarta a kan keke. Daga baya ta lallashi kanta, ta ce wa zai tsaya gefen shukar nan in ba wanda ya kawo ta ba? Watakila shi ke danne mata ganye, don a ƙara masa lokacin zama.

Kullum kuwa sai ya ɗan matso tsakiya. Ranar Litinin ya rufe rabin tukunyar. Ranar Alhamis, da ta je ɗebo ruwa, ta tarar ya riga ta isa bakin bokiti. Ba ta gaya wa Auta ba. In Auta ta kira waya, sai ta ce mata ɗinki ya yi yawa, kada ta wahalar da kanta da zuwa.

Ranar Asabar duhun ya shigo tun ba ta gama kalmasa siket guda ba. Ta lalubi makunni ta kunna fitila, bai rage komai ba. Shi kuwa yana tsaye tsakaninta da tagar, ya rufe shukar ruf.

"Baban Auta," ta ce, "in kai ne, sakar mata hannu. Dare ya yi."

Ta tashi, ta miƙa hannu, hannun ya ratsa shi ba ta taɓa komai ba, ya sauka kan ganyen. A shimfiɗe yake, lafiyayye, sumul. Ta ƙara miƙa hannun zuwa dakalin taga, sai ta ji zafin rana a bayan hannunta. A ƙasa maƙwabcinta mai walda yana ta aikinsa, shi da ba ya wuce ƙarfe biyar. Ta juya kai hagu a hankali, mutumin ya bi ta. Ta juya dama, ya bi ta. Ta rufe ido ɗaya, ya ragu.

A haka ta ji makulli a ƙofa. Auta ce, ta gaji da jin kada ta zo.

"Mama, fitila da rana tsaka?"

Ƙarya ta zo mata har baki, ta ƙwan fitila da take gwadawa. Ta haɗiye ta.

"Ƙarfe nawa?"

Auta ta dube ta. Rabon da uwarta ta yi wannan tambayar tun babanta na da rai. Ta ce biyu da rabi.

Mai Ɗinki ta koma ta zauna, hannunta na kan ganyen. Ta nemi fuskar 'yarta, mutumin kuma ya tsaya a kan fuskar.

"A gidan naki," ta ce, "akwai tagar da rana ba ta bugu kai tsaye?"