Baƙaƙen Haƙoran Kakar Tuyet

Karimatu tana shekarar ƙarshe a karatun likitan haƙori a London, kuma project ɗinta a kan ɗaliban Vietnam ne: sau nawa suke goge baki, me suke sha, yaushe rabonsu da likita. Ta riga ta duba bakin mutum talatin da ɗaya. Kusan duk labarin ɗaya ne, kofi da madarar gwangwani mai zaƙi safe da yamma, ga kogo a haƙoran tauna.

Tuyet, ɗaya daga cikin ɗaliban, wadda ke karatun injiniya, ta yi cancel ɗin haɗuwarsu har sau biyu. Ta ce kakarta ce ta zo bikin kammala karatunta, ba ta iya barin ta ita kaɗai. Don haka ranar Asabar da hantsi Karimatu ta ɗauki jakarta ta hau jirgin ƙasa na District line zuwa Barking, inda Tuyet take zaune.

A falon flat ɗin ta tarar da wata 'yar tsohuwa a takure kan kujera, ta naɗe kai da baƙin ɗankwali. Karimatu ta rusuna ta gaishe ta. Tsohuwar ta yi murmushi, sai Karimatu ta tsaya cak da jaka a hannu. Haƙoranta baƙi ƙirin ne, a jere reras, suna sheƙi kamar duwatsun tsakiya.

Da farko ta zaci ruɓewa ce.

"Rini ne," in ji Tuyet. "Tana 'yar shekara goma sha huɗu aka yi mata a ƙauyensu. Ta ce kwana da kwanaki ruwa-ruwa kawai take sha, bakinta a kumbure."

"Za ta yarda in duba?"

Tuyet ta tambaye ta da yarensu. Tsohuwar ta gyara zama ta buɗe baki.

Karimatu ta sa safar hannu, ta kunna 'yar tocila, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin madubi. Ashirin da takwas. Ta sake bi. Tauna ta cinye kawunansu, amma babu kogo ko ɗaya, babu mai girgiɗi. Matar nan shekararta tamanin da takwas, ba ta taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba. Hasken tocilar yana dawowa daga baƙin kamar daga ruwan rijiya, har Karimatu ta manta da takardar project ɗin da ke cinyarta.

Sai kakarta ita Karimatu ta faɗo mata a rai, zaune a tsakar gida a Yakasai, tana goga fure a haƙoranta bayan ta ci goro, har su yi ja wur. Da suna yara dariya suke yi mata.

Tsohuwar ta yi magana, tana nuna bakin Karimatu. Tuyet ta ɗan ji nauyi kafin ta fassara.

"Wai ke ma ki buɗe ta gani."

Karimatu ta durƙusa a gabanta ta buɗe. Tsohuwar ta riƙe haɓarta da busassun yatsu, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta faɗi wani abu a hankali.

"Ta ce suna da ƙarfi. Amma a zamaninsu budurwa mai farin haƙori haka kunyar dariya take ji a gaban mutane. Wai tausayinki take ji."

Karimatu ta nemi izinin ɗaukar hoto don ta nuna wa malaminta. Tsohuwar ta ce a jira tukuna. Ta shiga ɗaki ta sako doguwar rigarta ta siliki, wadda ta ajiye don ranar bikin, ta zauna kusa da taga ta ɗaga kai.