Ƙatuwar Kibiya

Idona ya fara rauni, 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta kullum sai ta ɓace mini. Ƙanwata ce ta rubuta manhajar shagon maganina, don haka ita na dama da mita har ta zana mini wata ƙatuwa, ja jawur, bakinta na kallon ƙasa.

"Yaya, wannan ko makaho ya gan ta," in ji marar kunyar.

A kwamfutarta ta gwada, ta turo mini. Tawa kuwa wata iri ce daban.

Da hantsi ta leƙo shagon ganin aikinta, daidai na sallami wata mata mai goyo. Ƙanwar tawa ta tsaya a bayana ina hidimar wani dattijo, sai na ji ta riƙe mini hannu gam.

"Sake dannawa."

Na ɗora bakin kibiya a kan layi na danna. Layin samansa ne ya yi haske.

"Na shiga uku! Kwamfutarki ninka hoton take yi. Kibiyar ta girma, amma wurin dannawar bai matsa ba, yana tsakiyarta. Yaya, wa kika sallama yanzu?"

Mai goyon nan ce. A manhajar, awon manya ne a saman na yara. Takardar da injin ya buga kuwa manna ta kawai na yi a kwalba, ban karanta ba. Maganin farfaɗiya ne, jaririn ko yaye bai kai ba.

Ban san na bar takalmina ba. Muka fita titi a guje, ina ihun "Mai goyo! Baiwar Allah!" Mata masu goyo suna ta waiwayowa, babu ita.

A bencin tashar mota na hango ta. Ta kwanto yaron a cinya, kwalbar a buɗe, murfin awo cike taf a hannunta. Na kai wa murfin duka, maganin ya watse a zaninta.

"Ke, lafiyarki?" ta daka mini tsawa.

"Ya sha? Don Allah, ya sha?"

"Ina fa! Tun ɗazu nake fama, ɗan banzan ya datse baki."

Na zube a ƙasa, na kama ƙafar yaron ina kuka. Shi kuwa ya harare ni, bakinsa gam.