Sarkin Kwana a Kujerar Baya

A tashar 'yan acaba Sarkin Kwana ake ce masa, kuma ba da wasa aka raɗa masa ba. A kan babur ya tsufa. Ya ɗauki mai ciki, ya ɗauki mai awaki, ya ɗauki buhu da mai buhun, bai taɓa kayar da kowa ba. Da wannan sana'a ya yi wa 'ya'yansa karatu, har Auta ta gama ta samu aiki da malaman gona. Ita ce ta dage sai ta kai shi wata ƙasa ya sha iska, ya ga teku da idonsa tun gwiwa ba ta ƙi ba.

Hutun na masu ƙaramin ƙarfi ne, ba ta ɓoye masa ba. Tikitin jirgi na rangwame, masauki a saman wani shagon wanki, ɗakuna biyu da fanka mai kuka kamar tsohon keken ɗinki. Motar 'yan yawon buɗe ido ta fi ƙarfinsu, tasi kuwa ko tayawa ba su yi ba. Da Auta ta ce hayar babur za su yi su hau dutsen da ake hango teku daga kansa, sai Baba ya ji ƙuruciya ta dawo masa. Tun a matakala yake murza hannun dama a iska.

Shagon hayar ɗan tsukuku ne, hulunan kwano a rataye jikin ƙusoshi, ƙasa duk ɗigon baƙin mai. Baba ya bi baburan ɗaya bayan ɗaya, ya matsa taya, ya ja birki, ya taɓa sarƙa, ya zaɓi wani shuɗi. Mai shagon, wata mata mai tabarau, ta karɓi lasisinsa ta duba, ta girgiza kai, ta yi wa Auta dogon bayani da harshen da ba ya ji.

"Baba, ta ce inshorarsu ba ta ɗaukar mai shekarunka. Ni kaɗai za ta ba wa."

"Ke?"

Ya san tana shiga ƙauyuka da babur ɗin ofis, amma bai taɓa yarda ya kalla ba. A ganinsa wannan lallaɓa ƙarfe ne, ba tuƙi ba.

"Gaya mata tun ba a yaye ta ba nake kan babur."

"Na gaya mata, Baba. Ta ce Allah ya ƙara lafiya, amma doka ce."

Ya yi tsaki ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don tun da yake bai taɓa zama a bayan kowa ba, balle 'yar cikinsa. In kuma ya ƙi, to a ƙarƙashin fanka hutun zai ƙare, gumin yarinyar nan ya tafi a banza. Ya waiwaya ya gan ta riƙe da huluna biyu, ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma ajiye ba. Ya fizgi ɗaya ya kifa a ka.

Allah ya raba kowane direba da fasinja irin Sarkin Kwana. Ga mutanen ƙasar a hannun hagu suke tuƙi, duk titin ya zame masa a birkice. Ƙafarsa sai taka birkin da babu shi take yi, bakinsa kuwa bai huta ba.

"Sa giya ta uku! Yi masa oda! Ke wa ya koya miki shiga kwana haka?"

"To, Baba," in ji ta, ta ci gaba da abin da take yi.

Da suka bar gari suka fara hawa, sai ya soma lura ba da son ransa ba. Kafin kwana take rage gudu, ba a tsakiyarta ba. Idonta na kai wa madubi a kai a kai. In ta ga yashi a kwalta, ba ta taɓa birkin gaba. Ya ga duk wannan, ya haɗiye, don yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

A wata kwana mai duhun itatuwa wata doguwar bas ta ɓullo daga sama, ta cinye rabin hannunsu. Baba bai yi tunani ba, jikinsa ne ya yi. Ya kwarma ihu, "Dama! Dama!" ya kwantar da nauyinsa gaba ɗaya can, yadda ya saba kauce wa mota duk tsawon rayuwarsa. Sabo turken wawa: a wannan ƙasa dama ita ce ƙarƙashin bas ɗin. Babur ya karkata ya bi shi. Ya ji kafaɗun Auta sun sandare, ta danne kan babur ɗin da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ta ƙwace shi daga nauyin ubanta, ta manne da gefen hagu har ciyawa na dukan ƙafafunsu. Bas ta wuce da iskarta mai zafi.

Daga nan Baba bai sake cewa uffan ba. Lissafin a fili yake, kuma shi ya fi kowa iya shi: da shi ke riƙe da kan babur ɗin, da yanzu wani zancen ake yi.

A saman dutsen ta kashe inji. Teku na shimfiɗe a ƙasa har iyakar gani, ƙananan jirage na yawo a kai. Baba ya kalla, ya yi tasbihi, amma idonsa ya fi komawa kan hannuwan 'yarsa, da suka ƙwace su daga bakin bas ɗin nan. Bai taɓa jin alfahari da mutum irin na wannan lokaci ba, kunya kuma na cinsa a gefe.

Ita kuwa shirunsa ta ɗauka fushi ne. Ta zare makulli ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ka yi haƙuri ban bi maganarka ba. Karɓi ka mayar da mu. Nan babu mai gani, in mun kusa shagon sai mu canja."

Ya dubi makullin. Hannunsa har ya motsa, don ƙaiƙayin tuƙi bai bar shi ba. Sai ya naɗe mata yatsunta a kansa, ya ɗaure igiyar hularsa, ya ɗaga tsohuwar ƙafarsa da ƙyar ya haye kujerar baya, ya gyara zama.

"Mai babur," ya ce, "masauki za ki kai ni. Ki bi duk hanyar da kika ga dama."