Tashar da Inna Ke Kamawa

Ranar Laraba ce, kasuwar Makarfi na ci, amma Sambo bai je ba. Tun da ya fara sayar da mazarƙwaila da busasshen barkono bai taɓa barin shagonsa a kulle ranar kasuwa ba sai wannan karon. Yana zaune a zauren gidansu a Taba, waya na ajiye a kan tabarma kusa da gwiwarsa, yana duban ɗan koren hasken da ke jikinta.

A safiyar nan aka shiga da yayansa Abdulƙadir ɗakin tiyata a Kano. Likitoci sun ga ƙari a hanjinsa, kuma ba su ɓoye wa matarsa Zulaihatu ba: aikin babba ne, ana iya tashi, ana iya rashin tashi. Ta yi alkawarin bugowa da zarar an fito da shi. Sambo ya so ya tafi, yayan ya hana. "In ka taho Inna za ta gane," in ji shi. "Zauna kusa da ita." Inna Hussaina, mahaifiyarsu, tana fama da hawan jini. Abin da aka gaya mata shi ne zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma yana samun sauƙi.

Sambo ya riga ya tsara yadda za a yi. In labari ya zo da daɗi, shi ke nan. In ya zo da akasin haka, zai ajiye wayar ya je ya taho da baffansu da liman, su shiga su zauna, su fara da nasiha kafin su kai ga maganar. Ba a jefa wa tsohuwa irin wannan labari kamar dutse.

A shekarar nan wayar salula ta shiga manyan birane amma ba ta iso ƙauye ba. Wannan da ke gabansa Abdulƙadir ne ya sayo ta a wata kasuwa a Kano, irin maras igiya mai cin dogon zango, wadda 'yan kasuwa ke kira kodiles. Uwarta na shagon Makarfi, inda layin tarho yake. Kanta kuma na nan Taba, an jona shi da eriya a kan wani dogon ƙarfe da ya ɗara darbejiyar ƙofar gida tsawo. Saboda wannan jonin, wayar ba ta barin zaure.

Da hantsi ya ɗaga, wata farar a-kori-kura mai eriya a ka ta tsaya a gindin darbejiyar. Direba ya zauna a ciki. Wani dattijo mai furfura a gemu ya fito, ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, sannan ya yi sallama. Sambo ya shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da ruwan bana. Baƙon ya ce sunansa Shamsuddeen, injiniya ne daga hukumar kula da sadarwa, daga Kaduna suke.

"Malam Sambo, wayarka muka biyo," in ji shi. "Jiya muna Ikara, mun sauke irinta. Taka ta fi su ƙarfi."

"Laifi ta yi, yallaɓai?"

"Ka san ƙananan jiragen nan da ake koyon tuƙi da su daga Zariya? Matuƙi na sama yana sauraron mai ba shi umarnin sauka, sai ya ji ana cewa barkono ya tashi a Makarfi, a riƙe buhu kar a sayar." Bai yi dariya ba. "Muryarka ce, in ban yi kuskure ba."

Sambo ya gane. Maganar tasa ce.

Injiniya ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Kowace na'ura mai aika magana ta iska tana da zangon da aka ware mata, kuma sai hukuma ta gwada ta ta amince kafin a sayar. Wayar gida maras igiya da doka ta yarda da ita ƙarfinta kaɗan ne, ba ta wuce tsakar gida. Wannan kuwa ba a gwada ta ba, an ƙara mata ƙarfi, kuma ta je ta zauna a bakin zangon jiragen sama. Ƙa'ida ita ce, na'urar da ta shiga hanyar wani, mai ita ne zai kashe ta.

"Kuma ba jirgi kaɗai ba," in ji shi. Ya zaro ƙaramin rediyo daga aljihu, ya murɗa allurar har ta kai ƙarshen FM, inda babu tasha, sai shuu. "Danna kamar za ka buga. Ka yi magana."

Sambo bai so ba. In Zulaihatu ta bugo a daidai lokacin za ta tarar da layi a tsare. Amma ya danna, ya ce, "Salamu alaikum."

Sallamar ta fito daga hannun baƙon, tar da ita. Sambo ya kashe da sauri.

"Duk mai rediyo a unguwar nan da ya kai allurarsa nan zai ji ka, ya ji wanda kake magana da shi."

Abu na farko da ya faɗo wa Sambo shi ne Jumare, maƙwabcinsa, wanda tun bara yake riga shi sanin ranar da ya kamata a kai barkono kasuwa. Abu na biyu ya fi wannan tsanani. Inna ba ta rabuwa da rediyonta. Da shi take kwana, da shi take tsintar wake, kuma ɗakinta ne mafi kusa da zaure.

"Yanzu za mu sauke eriyar," in ji injiniya, "mu wuce Makarfi mu ɗauki uwar."

"Yallaɓai, don Allah." Sambo ya gaya masa komai, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana duban ƙofar cikin gida. In an sauke yanzu, kafin ya kai Makarfi ya buɗe shago Zulaihatu na iya bugowa ta rasa kowa. In labarin ya tarar da shi a can kuma, Inna na nan ita kaɗai.

Injiniya ya daɗe yana shafa gemu. "Muddin ba a magana ta cikinta, ba ta damun kowa sosai," in ji shi. "Kira ɗaya, a gajarce. Daga nan mu sauke. Za mu jira a gindin bishiya. Allah ya ba shi lafiya."

Saura rediyon Inna. Sambo ya tashi ya shiga cikin gida yana neman abin da zai ce. Zai ce batir yake so. Ko ya ce baƙi na son jin labarai. Ya san Inna ba ta murɗa rediyonta daga tashar Kaduna, amma yanzu bai yarda da abin da ya sani ba.

Ya tarar da ita a bakin gado, carbi a hannu, rediyon a kan cinya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, ko za ki ara mini rediyon? Baƙi ne a waje."

"Baƙin da suka zo da mota ba su da rediyo?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Ina ji."

Sai a lokacin ya lura ba wa'azi ke tashi ba, ba kiɗa ba. Shuu ne kawai, an rage shi ƙasa sosai. Ya dubi gilashin rediyon. Allurar na can ƙarshe, ta jingina da bango.

"Ɗazu na ji ka yi sallama," in ji Inna, idonta na kan carbi. "Ba wanda ya amsa maka. Ni na amsa."

Abdulƙadir ɗan fari ne. Tun da Sambo ya yi wayo bai taɓa jin ta kira sunansa ba. "Mutumin Kano" take cewa, in ta kama dole. Tun da aka kafa wayar, duk ranar da yayan ya bugo Sambo kan leƙo ya ce, "Inna, ga Yaya, za ki gaisa?" Ita kuma ta ce, "Me zan ce masa? Ka ce ana gaishe da yara." Ko sau ɗaya ba ta taka zauren ba. Sambo ya ɗauka iyakarta ke nan.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun damina waccan. Ina neman Kaduna hannuna ya zarce."

"Kin ji ke nan."

"Na ji zazzaɓin." Ta ja ƙwayar carbi ɗaya. "Na ji kuma ranar da ya ce kar a gaya mini. Shi ya sa ban nuna ba. In ya san na sani zai shiga ɗakin nan da damuwata a ransa."

Sambo ya sunkuyar da kai. Ya tuna kwanakin nan da take mayar da kwanon tuwo kusan yadda aka kawo, tana cewa miyar ta yi yaji.

"Inna, ki ba ni rediyon. In an bugo zan zo in gaya miki da bakina."

"In alheri ne za ka zo. In ba shi ba ne za ka tafi neman baffanku, in zauna ina jin takun mutane a zaure." Ta ɗora tafin hannu a kan rediyon. "Ka bar ni da abina."

Ya yi tunanin fizgewa. Ya yi tunanin fita ya ce wa injiniya a sauke kawai, ya hau babur ya tafi Makarfi. Bai kai ga zaɓa ba wayar ta yi ƙara a zaure.

Ya fita da sauri, ya tsaya a kanta. Tana ta ƙara. Injiniya ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Duk abin da Zulaihatu za ta faɗa, da shi da Inna za su ji shi tare, babu liman a tsakani. Ya yi bismilla ya ɗauka.

"Sambo?" Muryar Zulaihatu a dishe take.

Ya tare ta kafin ta ci gaba. "Yaya Zulai, ki faɗa a hankali. A hankali."

"An fito da shi. Yana numfashi da kansa. Bai farfaɗo ba tukuna, amma likita ya ce sun cire abin duka."

Sambo ya jingina da bango. Ya kamata ya yi godiya ya kashe, haka aka yi da injiniya. Sai ya ji bakinsa na yin tambayoyin da ba nasa ba. Ya zubar da jini da yawa? An rufa shi, ko ɗakin da sanyi? Wa ke kusa da shi? In ya tashi me za a fara ba shi? Zulaihatu na amsawa ɗaya bayan ɗaya, har ta ce, "Yau kai ne da tambaya kamar tsohuwa?"

"Ki ji," in ji shi. "Wayar nan za a cire ta yau. In da wani abu ki bugo shago gobe da safe."

Ya kashe. Daga can sama ƙarar ƙaramin jirgi ta ratso, ta yi yamma. Injiniya ya ɗaga kai ya bi ta da ido har ta ɓace, sannan ya yafito direba.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Suka kwance wayoyin da suka ɗaure ƙarfen, suka kwantar da shi a hankali don kar ya taɓa katanga. Maƙwabta suka fito kallo. Jumare na cikinsu, hannu a baya.

"Ashe abin nan haramtacce ne," in ji shi. "Allah ya kyauta."

"Amin," in ji Sambo. "Sai ka koma tambayar farashi da bakinka."

Injiniya ya naɗe igiyar eriya ya sa a bayan mota tare da kan wayar. Ya ce layin shago na nan, ba ruwansu da shi. In yana son maras igiya ya nemi ƙarama mai shaidar hukuma, amma kar ya sa ran za ta kai Taba. Sambo ya ba direba makullin shago, ya ce a bar shi wurin mai shayi na kusa.

Da ya koma ciki, Inna ta idar da sallar nafila tana zaune a kan dadduma. Rediyon na kan gado, har yanzu shuu yake. Ta miƙa hannu ta murɗa allurar baya, ta wuce Kaduna, ta dawo, sannan ta kashe shi gaba ɗaya.

"Sun tafi da ita?"

"Sun tafi da ita, Inna. Doka ce."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana duban ƙofa.

"Ta ce bai farfaɗo ba."

"Tukuna."

"Motar Kano daga Makarfi, da safe take tashi?"

"Da safe."

"Yaran nan an bar su ba kowa, uwarsu na asibiti," in ji Inna. "Ka sauko mini da jakata daga kan sif. Zan je in dubo yara."