Ranar da Baƙi Suka Sha Lemun Safiyatu

A shekarar da damina ta yaudari mutanen Gobir karo na biyu a jere, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, bishiya ɗaya ce a Tungar Yero ba ta zubar da ganye ba. Tungar Yero ƙauye ne babba a kan hanyar da ta tashi daga Sabon Birni zuwa Isa, bishiyar kuma lemun tsami ce, a tsakar gidan wata mata mai suna Safiyatu. Mijinta Labbo ne ya dasa ta kafin ya rasu, ya bar mata ita da 'ya'ya uku da tsohuwar uwarsa, Inna Saude.

Babu wani asiri a rayuwar bishiyar. Duk ruwan da ya taɓa jikin mutum ko kwano a gidan, gindinta yake ƙarewa: na alwala, na wankin tukunya, har wanda aka wanke wa yara ido da safe. Rijiyar gari ta ja ƙasa, guga yakan fito rabi laka, mata na zaune a bakinta tun asuba suna jiran ta tara. Daga abin da Safiyatu ta samu a nan take rage wa bishiyar.

Tun tana budurwa ta zauna Maraɗi wurin gwaggonta mai sayar da abin sha a bakin tasha. A can ta koyi matse lemun tsami ba tare da ɗacin ɓawo ya shiga ba, ta koyi yawan cittar da ke tayar da maƙogwaro ba ta ƙona shi ba, da yadda ake zuba ruwan soda a ƙarshe, a hankali, ta gefen kofi, don kada kumfar ta mutu. A shekarun ƙoshi ba a suna ko walima a garin sai an neme ta. Yanzu kuwa wa ke walima?

Wata Litinin sai ga Hajiya Jamilatu ta yi sallama. Matar Alhaji Sodangi ce, ɗan kasuwar da ke da babbar mota da rumbunan hatsi, mai kai kaya Nijar ya kawo. Suka gaisa, ta zauna a bakin tabarma, idonta na kan bishiyar.

"Safiya, Alhaji ya aiko ni. Baƙi na tahe daga birni ran Alhamis da hantsi, masu duba yunwa. Su za su rubuta garuruwan da za a ba hatsi. Gidanmu za su sauka su karya, shina son ki yi musu lemunki, irin mai kumfan nan."

Inna Saude na kwance a inuwar ɗaki, ta ɗago kai. "Mutanen da sunka zo ganin yunwa, don mi za a ba su lemu? A kai su rijiya su sha abin da muke sha."

"Haba Inna," in ji Hajiya tana murmushi. "Baƙo ai sai an girmama shi. In sunka ji daɗi, hannunsu ya yi taushi wurin rubutu." Ta juya ga Safiyatu. "Ya ce a auna miki gero."

Kwana tara ke nan gidan ana cin dusa da ganyen tafasa. Safiyatu ta dubi autanta da ke zaune yana tsotsar bakin riga, ta ce, "Za ni yi."

Ran Laraba yayanta Kalilu, wanda ke yi wa Alhaji dakon kaya a babur, ya biyo daga Nijar ta ɓarauniyar hanya ta Burkusuma da kwalaben soda da wani ƙaton dutsen ƙanƙara a naɗe cikin buhu da garin katako. Motar Alhaji kuma ta kawo lemun zaƙi daga kudu. Ita Safiyatu ta tsinke bishiyarta kaf, har ƙananan da ba su gama ƙosawa ba, ta cika ƙwarya ta ɗauka a ka zuwa gidan Alhaji.

Da sassafe ranar Alhamis ta fara. Ta murza kowane lemu a kan faifai da tafin hannu har ya yi laushi, ta yanka, ta matse ta cikin farin ƙyalle. Ta daka citta ɗanya, ta tace. Ta narkar da sukari a ruwan zafi ta bar shi ya huce. Iri uku ta haɗa: lemun tsami da citta da na'a-na'a, lemun zaƙi da ɗan kanumfari, sai zoɓo ja wur da ta jiƙa da ɓawon lemu. Tana aikin, wani abu da ta manta yana dawo mata. Ƙamshin ya cika madafar, hannunta ya tuna komai. Ta kama kanta tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ta ji kunya ta yi shiru.

Baƙi suka iso a mota biyu, su shida. Aka shimfiɗa musu darduma a babban zaure, aka fito da masa da soyayyen ƙwan zabi da naman rago. Safiyatu na daga ciki tana fasa ƙanƙara, tana zuba soda, kofuna na fita suna tsiyayar da kumfa, suna dawowa babu komai. Ta cikin katanga tana jin dariyarsu. Ta ji wani yana cewa ko a manyan otal na birni bai sha irin wannan ba.

Can sai Hajiya ta shigo da sauri. "Yafa mayafinki. Babbansu na son ganin wadda ta haɗa."

Ta tsaya a bakin ƙofar zaure ta durƙusa, kanta a ƙasa. Babban baƙin dattijo ne mai farin tabarau, da littafi a kan cinya. Muryarsa da taushi.

"Baiwar Allah, hannunki na da albarka. Lemun tsamin nan daga ina aka kawo shi?"

"Na gidana ne, ranka shi daɗe."

"A garin nan? A bana?" Ya dubi 'yan'uwansa. "To da wane ruwa kike ba ta?"

Safiyatu ta saci kallon zauren. Maza goma sha wani abu ne zaune a wurin, har da mai gari da liman. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce abin da suka sha suna yabo, da ruwan wankin tukunya da na wankin idon yara ya girma? Ta ji idon Alhaji Sodangi a kanta.

"Na rijiya ne," ta ce.

"Rijiyar na da ruwa ke nan?"

Tun da aka haife ta, ba ta taɓa jin an tambayi mutum halin da yake ciki a gaban baƙi ya ce babu ba. Amsar ta fito da kanta, kamar ta gaisuwa.

"Alhamdu lillahi."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu. Aka ce ta tashi. Ta koma madafa tana jin daɗin yabon, har ta ƙara musu wani zagayen.

Sai bayan azahar baƙin suka miƙe, ciki ya yi nauyi, rana ta take. Mai gari ya so kai su rijiya, Alhaji ya ce zafi ya yi yawa kuma tafiya na gabansu. Suka tsaya a gona ɗaya ta bakin hanya, suka leƙa ta gilashin mota, suka wuce Isa.

Geron da aka auna mata ya kai su kwana goma sha biyu.

Bayan wata guda motocin hatsi suka fara wucewa ta gaban Tungar Yero ba su tsaya ba. Ta farko aka ce ta wani gari ce. Ta biyu ma haka. Da ta huɗu ta wuce, mai gari ya hau jaki ya tafi bin ba'asi. Ya dawo da yamma, ya zauna a ƙofar gidansa, ya faɗi abin da aka karanta masa: an rubuta cewa Tungar Yero na da lambu mai ba da 'ya'ya, rijiyarta na da ruwa, kuma matar gari ce ta shaida da bakinta.

Kafin magariba babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Washegari a bakin rijiya ba wadda ta zage ta. Da ma a ce sun zage ta, da ya fi mata sauƙi. Ta yi gaisuwa, aka amsa a taƙaice, kowa ta kau da kai. Maƙwabciyarta Fatsuma, wadda suka tashi tare tun suna 'yan mata, ta janye tulunta daga kusa da nata.

Safiyatu ta ajiye tulu ta nufi gidan Alhaji. Ta same shi a ƙofar rumbu, ana auna wa mutane dawa a farashin da bai taɓa kaiwa ba.

"Alhaji, ka san gaskiyar rijiyar nan. Ka tahi ka gaya musu."

Bai ko ɗaga murya ba. "Ni mi na ce musu? Ke aka tambaya, ke kinka amsa. Kowa ya ji."

"Kai ka hana a kai su su gani."

"Safiya, koma gida. Kina tare mini mutane."

Ta roƙi Kalilu ya kai ta birni a babur ta warware maganar da bakinta. Suka kwana biyu suna zaman benci a ofishin da aka nuna musu. A rana ta uku wani akawu ya ce dattijon mai tabarau an yi masa sauyin wurin aiki, takarda kuma ta riga ta wuce sama, sai dai a jira wani zagayen. Da suka dawo Alhaji ya karɓe babur daga hannun Kalilu.

Inna Saude ta rasu a farkon bazara. Ba ta taɓa ce wa Safiyatu ai na gaya miki ba. Ta dai daina karɓar rabonta na dusa, tana tura wa jikoki, tana cewa ta ƙoshi. 'Yar Fatsuma ta goye ta bi ta bayan kwana shida. Safiyatu ta je gaisuwa, ta zauna a bakin ƙofa, ba wadda ta matsa mata tabarma.

Gari ya fara watsewa. Maza suka yi gaba, mata da yara suka bi, gida-gida ana jingina ƙaya a bakin ƙofa. Kalilu ya ce su ma su tafi kudu, akwai wani ɗan'uwan ubansu da ke noman rani can. Motar da ke kwashe masu tafiyar ta Alhaji Sodangi ce, babu wata.

Da safen tafiyar, Safiyatu ta ɗaure tabarmi da tukunya biyu, ta riƙo hannun auta. Tana fitowa ta tarar da Fatsuma tsaye a ƙofar gida. Ta ɗauka sallama ta zo yi mata, ta ɗauka za su yafi juna. Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Tunda tahiya za ki yi," in ji Fatsuma, ba ta dube ta ba, "bar mini bunun ɗakinki. Akuyata ba ta da abin ci."

"Ɗauki," Safiyatu ta ce.

Motar ta cika, mutane a kan kaya, kaya a kan mutane. Safiyatu ta samu wuri a baya ta rungume yaranta. Kafin direba ya tayar, ta hango Fatsuma ta taka turmi ta hau, tana fizgar bunun da hannu biyu tana jefowa ƙasa.