Akwatin Takalmin Kaka Ozella

Gurbi biyu kacal sashenmu na tattalin arziki ya samu a binciken dogon hutu, mu kuwa mu goma sha ɗaya muka nema. Na rubuta cewa ina son gano yadda gonakin baƙar fata a gundumarmu suka kuɓuce wa magada. Farfesa Tolliver ta karanta, ta cire tabarau, ta ce tambayar ta yi, sai dai babu bayanai. Kakanninmu ba sa barin wasiyya, don ba su yarda da kotun farar fata ba, ofishin filaye kuma sunan mamaci kawai ya sani. Ta ce in koma kan farashin mai kamar sauran.

Na ce mata ban zaɓi makarantar da kakata ta yi wa ɗalibanta wanki don in zo in yi farashin mai ba.

"Renita, bakinki ya fi takardarki kaifi," in ji ta. "Kawo min magadan da sunayensu ranar Litinin."

Na hau bas zuwa gida. Hanyar ta gefen tsohuwar gonarmu take bi, eka arba'in. Wani ɗan'uwa a Detroit, wanda bai taɓa taka ta ba, ya sayar da kasonsa, wanda ya saya ya nemi a raba, kotu ta yi gwanjon duka. Itatuwan da Kaka Ozella ta shuka suna nan, a bayan shingen waya.

Kaka ba ta taɓa barin jana'iza ba sai da takardar nan da ake rabawa a coci, mai hoton mamaci da jerin duk wanda ya bari da garin da kowa yake. Shekara hamsin tana zuba su a akwatin takalmi, muna tsokanarta cewa ta fi jarida sanin wanda ya mutu. Mama ta ciro min shi daga ƙarƙashin gado. Ranar Lahadi tsofaffin matan cocinmu suka ƙaro nasu, kowacce tana gargaɗina kada in lanƙwasa mata mijinta.

Litinin na dire akwatin a teburin Farfesa. Ta daɗe tana juya takardun. Ta ce gurbin nawa ne, sannan ta ɗaga ta saman, mai hoton Kaka Ozella, wadda ba ta ko yi ƙura ba.

"Wannan fa?"

"Ita ta tara bayanan. A sa sunanta gaban nawa."

Duk Juma'a yanzu ina komawa karɓo wasu akwatunan. A bas, ta ɓangaren gonar nake zama.