Lambun Injiniya

Mako uku da yin ritaya, Injiniya ya gano cewa a gidan da ya zana da hannunsa ba shi da wurin zama. In ya zauna a falo, a ce ya ɗaga ƙafa za a yi shara. In ya leƙa kicin, matarsa ta ce, "Baban yara, me kake nema in miƙo maka?" Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana ba magina umarni, wai yau shi ake matsarwa kamar kujera! Don haka ƙarfe takwas na yi sai ya sa hula ya fice, ya je ya zauna a shagon abokinsa har la'asar. Abin yana cinsa a rai, ba ya dai faɗa.

Sai ya yanke shawara: kafin damina ta sauka zai yi lambu a bayan gida. Wuri nasa na kansa, inda ba mai cewa ya matsa.

To, Injiniya ba ya yin abu da ka. Kullum da sassafe, kafin ya fita, zai zaro tef ya auna kusurwar da ke jikin katanga, inda ba kowa ke zuwa ba, rana kuwa tana haska wurin tar. Ya kafa turaku, ya ja zare. A takarda ya fitar da fangali huɗu: tumatir, tattasai, kuɓewa da alayyahu, kowanne da tazararsa, har da 'yar hanyar da zai bi da bokitin ban ruwa. Wallahi ko asibiti aka ba shi ya zana, iyakar abin da zai yi ke nan.

Ran da ya gama, ya shimfiɗa wa matar takardar a teburin cin abinci, yana wani gyara tabarau.

Ta duba, ta ɗora yatsa. "Tumatir a nan?"

"A nan."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Ya san wannan addu'ar. Ita ta yi masa ran da ya ce zai gyara famfo da kansa.

"Maman yara, in da magana ki faɗa. An auna komai fa."

"Ni wa, in ja da injiniya? Abu ɗaya nake roƙo. Gobe kada ka fita. Ɗauki kujera ka zauna a lambun naka har azahar."

Washegari ya zauna, don dai ya kashe bakinta. Ƙarfe bakwai rana ta yi masa sallama, ya yi murmushi. Ƙarfe tara inuwar benen maƙwabci ta haura katanga ta cinye kuɓewa. Kafin goma ta haɗa da tattasai. Sha ɗaya na yi, tumatir ma ya bi sahu, Injiniya na zaune cikin inuwa mai sanyi har yana jan hannun riga. Sai a lokacin ya lura da gansakukar da ta yi kore shar a gindin katangar. Kai, ashe shi ya sa ba mai zuwa wurin!

Ya miƙe ya shiga neman rana. Ya same ta can ɗaya gefen, tana ƙwallewa a kan wani fili mai tsawon taku goma, daidai inda matarsa ta ɗaura igiyar shanya, zannuwan gado suna ta kaɗawa.

Kunya ta kama shi, da wani baƙin ciki a ƙarƙashinta. Shi ya zana gidan nan, ya san kaurin kowane bango, amma bai taɓa tsayawa a bayansa da tsakar rana ba. Litinin zuwa Asabar yana wurin gini, Lahadi yana ramuwar barci.

Ya naɗe takardarsa, ya dubi matarsa da ta leƙo. "Shi ke nan, an fasa. Wurin kirki ɗaya ne, kuma naki ne."

Ta kwashe zannuwan ta jibga masa a kafaɗa, ta yi ɗage ta fara kwance igiyar.

"Ke, ina za ki riƙa shanya?"

"Ba kai ne injiniya ba? Ka nema min wani wurin." Kullin ya ƙi kwantuwa, ta sa haƙori. "Amma ka rage kuɓewar nan, mu biyu ne a gida, ba makarantar kwana ba."

Ya tsaya da zannuwa a kafaɗa.

"Da gaske kike?"

"Baban yara, tun yaran nan suna goye nake tsayawa a cikin ranar nan ni kaɗai. Na gaji. Ɗauko tef ɗinka, ni zan riƙe maka bakin."